ETF a kasuwar hannayen jari ta Legas: wanne ya dace da kuɗin tsufa, wanne bai dace ba

Ɗan kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago ko Agege ya gaji hanyoyi uku na ajiye kuɗi: adashi, fili a gida, ko dabba a hannun ɗan'uwa. Naira ce ta rikita wannan lissafin. A watan Yunin 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Kuɗin da ya kwanta a asusun banki a wannan tsakanin ya narke yana kwance. Shi ya sa dillalan hannun jari da manhajojin waya suka matsa wa mutanenmu da tallar ETF. Mun duba hajar da kyau. Ba yaudara ba ce, hukuma ta san da ita, kuma tana da amfani ga mai tanadin shekara goma zuwa sama. Amma a Legas tana da lahani guda babba da masu tallar ba su cika ambata ba, kuma ga mai neman kuɗin cefane duk wata ba ta biyan buƙata.

ETF kwando ne. Maimakon ka zaɓi hannun jarin kamfani ɗaya, wani kamfanin kula da jari ya sayi na kamfanoni da yawa bisa wani ma'auni da aka sani, wato jerin kamfanonin da ake auna tafiyar kasuwa da su, ya yanka kwandon ƙanana-ƙanana, kai kuma ka sayi yanki a kasuwar hannayen jari ta NGX da ke Titin Customs a tsibirin Legas, kamar yadda ake sayen kowane hannun jari. Wanda aka fara sakawa a kasuwar shi ne NewGold, mai bin farashin zinare, a Disambar 2011. Yau sun kai wajen dozin: Vetiva Griffin 30 da Stanbic IBTC ETF 30 suna bin ma'aunin manyan kamfanoni talatin, SIAML Pension ETF 40 yana bin kamfanoni arba'in da suka cika sharuɗɗan zuba kuɗin fansho, Vetiva na da na bankuna da na kayan masarufi da na masana'antu da na takardun bashin gwamnati, Meristem na da biyu, sai Greenwich Alpha, sai Lotus Halal Equity ETF.

Buɗe asusu ba wahala. Dillali mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido a kan kasuwar hannayen jari, lambar BVN da NIN, hoto, shaidar adireshi, sai a buɗe maka asusu a CSCS, ma'ajiyar da ke riƙe hannayen jarin kasuwar, a ba ka lambar CHN. Wannan lambar ita ce shaidar cewa kayan da sunanka suke, ba da sunan dillali ba. Kafin ka tura ko kwabo, nemi sunan dillalin a jerin da SEC ke wallafawa. Wanda ya ga yadda kuɗin jama'a ya salwanta a MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a 2025 ba ya buƙatar a maimaita masa dalili.

Ga lahanin. Kowane yankin ETF yana da farashi biyu. Akwai ainihin kimarsa, wato jimillar kayan da ke cikin kwandon a raba da adadin yankuna, wadda kamfanin ke wallafawa da sunan NAV. Akwai kuma farashin da ke kan allon kasuwa, wanda masu saye da sayarwa suka tsayar. A manyan kasuwannin duniya waɗannan biyun kusan a manne suke, domin da an sami tazara manyan dillalai za su ƙirƙiri sababbin yankuna ko su mayar da tsofaffi su ci ribar tazarar, har ta rufe. A Legas cinikin ETF ba shi da yawa. Wani sai ya wuni ba a taɓa shi ba, wani kuma ciniki ɗan kaɗan ya ja farashinsa sama. Sai ka tarar allo na nuna naira 130, alhali kayan da ke ciki na naira 100 ne. Wanda ya saya a haka ya biya talatin a kan iska. Ko kamfanonin da ke kwandon sun yi shekara mai albarka sun ƙaru da kashi ashirin, kimar ta koma 120, in farashin allo ya dawo ya daidaita da ita, mai sayen yana cikin asara duk da kasuwa ta hau. Mutane da yawa suna ganin farashin wani ETF ya ninka cikin 'yan makonni sai su ruga. Ruwa ba ya tsami banza: in farashin allo ya yi tsalle amma NAV bai motsa ba, ba kayan ne suka ƙaru ba.

Maganin yana hannunka, kuma minti biyar ne. Ka buɗe shafin kamfanin da ke kula da asusun ka ga NAV na baya-bayan nan da ranarsa. Ka koma manhajar dillalinka ka duba layuka biyu: tayin masu saye mafi tsada, da kuɗin da masu sayarwa suka sa mafi araha, tare da adadin yankunan da ke kowane layi. In masu saye sun taya 98, masu sayarwa sun ce 112, tazarar 14 ita ce abin da za ka rasa nan take in ka saya yanzu ka sayar yanzu. Sannan kada ka taɓa ba da odar "ko nawa ne". Ka danna inda aka rubuta Limit, ka rubuta farashinka kusa da NAV, ka jira. In ba a sallama ba yau, gobe ma rana ce. Odar da ba ta da iyaka a kasuwa maras ciniki tana cinye layin farko, ta hau na biyu, ta hau na uku, sai takardar ciniki ta zo ka ga matsakaicin farashin da ba ka yi niyya ba. In kuɗin na da yawa, miliyoyi masu kauri, ka ce dillalinka ya tuntuɓi kamfanin asusun ko dillalin da aka ba izinin ƙirƙirar yankuna, a yi maka farashi bisa NAV. Haka kuma ranar fita: kaya na iya yin kwantai a allo kwanaki, kuma ko an saya, kuɗin ba ranar yake shigowa ba. Kuɗin hayar shago da kuɗin sarin mako ba nan ne wurinsu ba.

Batun halal shi ne tambayar farko a wurin yawancin masu karanta wannan, kuma amsar a fili take. Kwandon kamfanoni talatin da na arba'in suna ɗauke da bankunan kuɗin ruwa, kuma ba a tace kamfanonin giya daga ma'auninsu. Na bankuna da na takardun bashin gwamnati ba sai an faɗa ba. Lotus Halal Equity ETF, wanda aka saka a kasuwa a 2014, shi ne aka gina a kan tacewa: ma'auninsa yana fitar da masu harkar ruwa, giya, taba da caca, sannan ya auna yawan bashin ruwan da ke kan kowane kamfani. A ganinmu shi ne ƙofar da ta fi dacewa da wanda wannan ya dama. Sai dai a san farashin tacewar. In aka cire bankuna daga kasuwar Najeriya, abin da ya rage ya karkata ga siminti, sadarwa, abinci da noma, kamfanonin kuma ba su da yawa. Shekarar da bankuna suka ja kasuwa, wannan kwandon zai iya zama a baya. Shekarar da siminti ya yi sanyi, zai ji a jikinsa sosai. Ka kuma tambayi yadda ake tsarkake ɗan abin da ya shigo ta hanyar da ba ta halatta ba: asusun ne ke fitarwa, ko kai za ka fitar?

Wannan ya kai mu ga kuskuren da ake yi da sunan rarraba jari. Mutum ya sayi Vetiva Griffin 30, ya sayi Stanbic IBTC ETF 30, ya ce ya raba ƙafa. Ma'auni ɗaya suke bi, kaya ɗaya ne a buhu biyu. Ya ƙara da na fansho, sai ya sake samun yawancin manyan sunayen nan, irin su Dangote Cement da MTN, a karo na uku. Kafin ka ƙara kwando, ɗora jerin manyan kamfanoni goma na kowanne gefe da gefe. Rarrabawa ta gaskiya ita ce a haɗa abubuwan da ba sa faɗuwa tare: hannun jarin gida, abin da ke bin dala, da abin da ke biya a kan lokaci.

Nan NewGold ke shigowa. Kowane yanki an fara shi a matsayin kashi ɗaya cikin ɗari na oza ɗaya ta zinare (oza awon nauyin zinare ne a kasuwar duniya), da zinaren gaske a ajiye a bayansa, kuma kuɗin kula da asusun daga zinaren ake ɗiba, don haka yankin yana ɗan raguwa a hankali. Daɗinsa shi ne kana iya lissafa kimarsa da kanka. A ce oza tana dala 3,000, dala kuma tana naira 1,500: kashi ɗaya cikin ɗari dala 30 ne, wato naira 45,000, ka ɗan rage kaɗan saboda kuɗin kulawa. In allo ya nuna 55,000, ka janye hannu. Garkuwa ce mai kyau daga faɗuwar naira, amma zinare ba ya haihuwa, ba ya raba riba ko sau ɗaya, kuma ranar da naira ta farfaɗo farashinsa a Legas zai sauka ko da zinare bai motsa a duniya ba. A tsarinsa takardar lamuni ce da zinare ke goya wa baya, don haka mai damuwa da sharaɗin hannu da hannu a cinikin zinare ya kai takardar bayanin asusun wurin malaminsa. Kashi goma zuwa ashirin na tanadi ya isa a ra'ayinmu.

Kuɗin da zai riƙa shigo maka fa? A nan hajar ta fi rauni. Rabon riba yana zuwa ne sau ɗaya ko biyu a shekara a asusun da ke rabawa, ba shi da tabbas, kuma ana cire harajin kashi 10 daga ribar hannun jari tun daga tushe. A ce ka zuba naira miliyan biyar, rabon shekara ya kama kashi 4: naira 200,000 ke nan, bayan haraji 180,000, wato 15,000 a wata. Wannan ba ya riƙe gida a Idi-Araba. Ga mai son abin da zai shigo a kan lokaci ba tare da ruwa ba, sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar jari ta tsarin Musulunci mai biyan kuɗin haya, ya fi: na farko ya fito a 2017, naira biliyan 100, shekara bakwai, kuɗin haya kashi 16.47 ana biya sau biyu a shekara, an yi tituna da kuɗin, kuma da naira 10,000 ana shiga. Kowace fitowa da nata adadin hayar. Ko ma wanne ka zaɓa, cike fom ɗin da ke haɗa asusun bankinka da rajistara, wato kamfanin da ke riƙe sunayen masu jari yana biyansu rabon riba, sunanka kuma ya zo iri ɗaya a banki da BVN da CSCS. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya maƙale kuɗin mutum shekaru.

Ga kuɗin ritaya, ma'aikaci ya tuna yana da fansho tuni: dokar 2014 ta ce kashi 8 daga albashinsa, kashi 10 daga mai aikin, kuma akwai Asusu na Shida wanda ba ya harkar ruwa, ana neman komawa cikinsa a rubuce ta hannun kamfanin fansho. Mai sana'ar kansa ma an buɗe masa ƙofar fansho tun 2019. ETF ƙari ne a kan wannan. Kuma a shiga da sanin tarihin kasuwar: a watan Maris na 2008 babban ma'auninta ya haura 66,000, ya faɗi zuwa wajen 20,000 a 2009, bai sake taka wancan matakin ba sai Agustan 2023. Shekara goma sha biyar. Wanda ya zuba komai rana ɗaya a ƙololuwa ya sha wuya. Mai saye kaɗan-kaɗan duk wata uku ya sami araha a tsawon shekarun faɗuwar. Mun ce duk wata uku ne saboda la'adar dillali da kuɗaɗen hukuma da harajin kashi 7.5 a kan la'adar suna cin ƙananan oda. In ritaya ta rage shekara biyar, a fara kwashewa zuwa sukuk sannu a hankali. Kuɗin kula da asusu ma a duba shi a takardar bayani: kashi 1 a shekara kamar ba komai, amma a shekara ashirin yana cinye kusan kashi 18 na abin da ya kamata ka samu.

Manhajoji irin su Bamboo da Trove suna kai mutum ga ETF na Amurka, inda matsalar tazara kusan babu ita a manyan asusu, kuɗin kulawa kuma na iya sauka har kashi 0.03, kamar na VOO mai bin manyan kamfanoni 500. Masu tacewar Shari'a irin SPUS da HLAL sun fi wannan tsada, wajen rabin kashi ɗaya. Abubuwa uku ke rage armashin. Canjin da manhaja ke yi maka yana da nasa tazarar, shiga da fita. Amurka na cire kashi 30 daga rabon ribar ɗan Najeriya, dala 100 ta zo maka 70. Sannan dokar gadonsu na iya taɓa dukiyar baƙo da ta haura dala 60,000 a can.

Gadon nan a gida ma yana buƙatar shiri. Rubuta sunan wani a matsayin makusanci a fom ba ya mayar da shi magaji. Dillali da rajistara za su nemi takardar kotu ta rabon gado kafin su saki kaya, kuma iyalin da ba su san akwai asusun ba, ba za su nema ba. Ka rubuta sunan dillali, lambar CHN, sunan kowane ETF da adadin yankuna a takarda ɗaya, ka sabunta ta duk ranar da kake lissafin zakka, ka ajiye kwafi a Legas da wani a gida wurin wanda ka amince da shi.