Sharhi kan malamai da shugabannin wata cibiyar koya wa yara kiɗa a Garwa

Akwai wata ƙungiya mai zaman kanta a nan Garwa, a arewacin Kamaru, da ke koya wa yara kiɗa, daga 'yan shekara 8 zuwa 17, ran Laraba da yamma da kuma Asabar da safe. Ba don riba take yi ba. Kuɗin rajista kawai iyaye ke biya, sauran daga hannun masu taimako yake fitowa. 'Ya'yana biyu sun yi shekarar karatu guda a can, daga Satumba zuwa Yuni, kuma da yake gyaran kayan kiɗa ne sana'ata, na san ɗakin ajiyarsu kamar yadda na san azuzuwan. Iyaye sun sha tambaya ta ko wurin ya isa a kai yaro. Ya isa, kuma malamansa ne dalili. Ba zan kama sunan kowa ba, tunda akwai gyara a cikin maganar.

Wanda ya fi kowa iya koyarwa a wurin shi ne dattijon da ke riƙe da ajin kalangu, wanda yara ke ce wa Baba. Ba shi da takardar shaidar malanta, amma yana da tsari, kuma ba ya tsallake mataki. Makonni ukun farko ba ya ba yaro makaɗi, wato sandar kaɗa kalangu. Tafi ne da baki. Zai faɗi kalma, yara su maimaita, su saurari inda murya ta hau da inda ta sauka. Misalin da ya fi yawan kawowa shi ne "wuya": wuyan da ke ɗauke da kai, murya tana farawa sama ta sauko, wuyar wahala kuwa, tana farawa ƙasa ta hau. Kalangu hawa da saukar nan yake bi, shi ya sa ake cewa yana magana. Yaron da kunnensa bai kama wannan ba, ko ya shekara yana duka, ƙara kawai zai yi.

A nan ne na ga ƙwarewar da ba a samu a littafi. Yaran Garwa da yawa Fulatanci suke yi a gida, ko da iyayensu Hausawa ne, kuma Fulatanci ba ya bambanta ma'anar kalma da hawa ko saukar murya yadda Hausa ke yi. Baba ya san da haka. Irin waɗannan yaran yana sa su rera jimlar Hausa da baki sau da yawa, yana ɗaga hannu yana saukewa tare da muryar, kafin ya bar su su nemo ta a jikin kalangu. Ba ya ware su gefe, ba ya kuma nuna musu cewa baya suke. Kafin hutun Disamba sun kamo sauran.

Sai riƙo. Ana rataya kalangu a kafaɗar hagu, ya kwanta ƙarƙashin hamata, hannun hagu a kan tsarkiya, wato igiyoyin da ke jikinsa. In an matse tsarkiya, samfara, wato fatar bakin kalangu, ta ɗame, murya ta hau. In an sassauta, ta sauka. Kuskure biyu sabon ɗalibi ke yi. Na farko, matsewa da yatsu kaɗai maimakon haɗawa da damtse, sai hannu ya gaji cikin minti biyar, muryar kuma ta riƙa rawa. Na biyu, duka daga kafaɗa maimakon wuyan hannu, wanda ke sa kan makaɗi ya sauka a karkace ya huda fata. Wata Asabar a watan Janairu wata yarinya ta fasa samfara ta haka, ta fara hawaye. Baba ya ce, "'Yata, share idonki, fata ce, yau kin samo mana darasi." Ya zaunar da ajin gaba ɗaya a kan tabarma, ya kwance tsarkiya suna kallo, ya nuna musu yadda ake jiƙa fatar ɗan akuya har ta yi laushi, a ɗinke ta a jikin kirinya, wato zoben da ke riƙe ta, a mayar da tsarkiya ana ja kaɗan-kaɗan ta kowane gefe don kada wani ɓangare ya fi wani ɗamewa, sannan a shanya a inuwa. Rana tana busar da fata da gaggawa, ta tsage tun ba a kaɗa ta ba. A mako na gaba yarinyar ce ta fara gwada kalangun.

Malamin jita da fiyano saurayi ne mai karatun kiɗa na zamani, kuma ya san aikinsa. Yana fara kowane darasi da na'urar ƙidayar bugu a kan 60 a minti, ba ya ƙara sauri sai yaro ya wuce layi sau uku a jere babu tuntuɓe. Jerin da yake bi wajen koyar da haɗin sauti a jita ma daidai ne: Mi da La masu taushi tukuna, don yatsu biyu ko uku suke buƙata, sannan Do da Sol, ya ajiye Fa zuwa zango na uku, tunda ita sai an danne wayoyi da yawa da yatsa guda. Gyaran da nake da shi a kansa uku ne. Da Faransanci zalla yake bayani, alhali ƙananan yara da waɗanda suka fi ƙarfi a makarantar allo sun fi ganewa da Hausa ko Fulatanci, kuma yana jin duka biyun. Yana daɗewa a gaban allo, wani lokaci kusan rabin darasin awa ɗaya da rabi, yara na riƙe da jita a cinya ba su taɓa ta ba. Sannan shi yake saita wa kowa wayoyi kafin a fara, don gudun ɓata lokaci. Sakamakon haka, yaro ya shekara bai iya saita wayoyin shida a kan sautukansu, Mi, La, Re, Sol, Si, Mi, da kansa ba, in ya samu jita a gida ba ta da amfani a hannunsa. Minti goma a farkon kowane darasi sun isa a magance wannan.

Wani abin kuma ba laifinsa ba ne. Jitocin da aka ba ƙungiyar kyauta manya ne, masu wayar ƙarfe. Yaro ɗan shekara 8 ƙaramar jita yake bukata, mai kashi uku cikin huɗu na girman babba, da wayar roba. Na auna tazarar waya daga ƙarfen gaɓa ta 12 da ke wuyan jita: wasu sun kai milimita 6, alhali jita mai wayar ƙarfe bai kamata ta wuce milimita 3 ba. Yatsun yaro suna yin ciwo, sai ya ce ba ya son jita, iyaye su ɗauka lalaci ne.

Mai goge sau ɗaya a wata yake zuwa. Ya iya, amma wannan bai isa ba. Kafin ya dawo yara sun manta riƙon, izga ta bushe babu ƙaro, jaki, wato ɗan itacen da ke tallafe izgar, ya goce daga mazauninsa. Ko dai a mai da ajin na mako-mako, ko a daina sa shi cikin takardar rajista.

Shugabar cibiyar, wadda kowa ke ce wa Madam, ita ce ta sa iyaye Musulmi da Kirista suka yarda suka saki 'ya'yansu, musamman mata. Dokokinta a rubuce suke, kuma ana bin su. Ƙofar aji a buɗe take muddin ana darasi. Malami ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai. Ana tsayawa sallar la'asar ran Laraba, ana tashi kafin magariba, kuma ba a miƙa yarinya ga ɗan mashin sai wanda iyayenta suka gabatar. In yaro ya yi fashi sau biyu a jere, waya za ta kira. Ta kuma fahimci abin da ke cin zuciyar iyayen Hausawa, wato kada yaro ya zama maroƙi. Saboda haka ba a kai yaran wajen biki ko suna su yi kiɗa, ba a yi musu liƙi ko a taron cibiyar, kuma yaron da sakamakonsa na makaranta ya faɗi ana dakatar da shi sai ya gyara. Ƙarshen kowane zango tana manna lissafin abin da ya shigo da abin da aka kashe a bangon ofis. Ƙungiyoyi kaɗan ne ke yin haka.

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma babban gyaran a kan shugabanci yake. Malaman kusan aikin sa kai suke yi, abin da ake ba su bai wuce kuɗin mashin ba. Malamar da ke koyar da rera waƙa ta samu aiki a wani gari a watan Fabrairu ta tafi, ajinta ya zauna mako biyar babu kowa. Wanda ya gaje ta daga farko ya faro, domin babu littafin da ke nuna inda kowane yaro ya kai. Littafin rubutu guda ga kowane aji, shafi guda ga kowane ɗalibi, ya isa. Abin da ya fi damu na shi ne ana ba Baba ƙasa da abin da ake ba saurayin, wai don ba shi da takarda. Mutumin da ajinsa ya fi kowane cika, wanda kuma shi ke gyara kalangun cibiyar da hannunsa. Ya kamata kwamitin ya sake duba wannan, ya kuma haɗa shi da matashi ɗaya ko biyu da za su koyi koyarwar a wurinsa tun yana da ƙarfi.

Ajiyar kaya ma tana bukatar mai kula da ita takamaimai. Ɗakin rufin kwano ne ba silin. Jita tana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturu kuwa yana saukar da shi ƙasa da 20, sai itace ya tsuke, fuska ta tsage, bakin ƙarafan gaɓa su fito suna yankan hannu. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da mazaunin wayoyi har ya ɗago. Maganin ba tsada: kowace jita a cikin jakarta, a sa soso mai ɗan danshi a cikin robar sabulu da aka huhhuda, a sassauta wayoyi in za a yi dogon hutu, a kuma ɗauke su daga jikin bangon da rana ke duka. Fiyano ɗaya ta ƙone saboda an haɗa wayoyin wuta a kwali guda. Ƙananan Yamaha da suke da su volt 12 suke ci, Casio ɗin kuwa 9.5, yaro ya ɗauki wadda ya gani ya cusa. A shafa wa kowace fiyano da wayarta fenti iri ɗaya, a lulluɓe su da zane saboda ƙura, a kuma tanadi batura shida-shida don ranar da aka ɗauke wuta.

Sau biyu suke fita wasa a shekara: Ranar Matasa, 11 ga Fabrairu, da ranar kiɗa ta 21 ga Yuni, wadda aka faro a Faransa a 1982. Wasan yana kyau. Illar ita ce makonni shida kafin kowanne, malamai suna komawa kan yara goman da suka fi iyawa, sauran su zauna kallo. Na gane cewa masu taimako suna son ganin hoto mai kyau, amma makonni sha biyu cikin shekarar karatu ba kaɗan ba ne. Baba ne kaɗai ke sa kowane yaro cikin wasan, ko da tafi ne ko amshi.

Ga mai shirin kai yaro a Satumba: in bai kai shekara 10 ba, a fara da kalangu ko rera waƙa, a bar jita sai an samu ƙarama. A nemi shiga aji a zauna darasi guda kafin a biya rajista, Madam tana yarda. A tambayi wanda zai riƙe ajin in malamin ya tafi. Makaɗi kuwa a saya wa yaro nasa na kansa, a shafe kansa da takarda mai gurza itace har ya yi sumul, domin makaɗi mai kaifin baki shi ke cinye samfara.