Na haɗa na'urorin jirgina a kan NMEA 2000: ga abin da na gani

Duk wanda ya taɓa tuƙa jirgin ruwa da na'urori a warwatse ya san wahalar: ma'aunin zurfi a nan, GPS a can, ma'aunin iska a wani gefe, ido na ta yawo tsakaninsu alhali ruwa ba ya jiran kowa. Dalilin da ya sa na haɗa nawa a kan NMEA 2000 ke nan, wato tsarin da na'urorin jirgin ruwa ke musayar bayanai ta kansa, kuma na yi aiki da shi a ruwa kwance da ruwa mai hauka.

Babbar waya ɗaya ce ke ratsa jirgin, kowace na'ura ta jona da ita ta ɗan reshe. Wayar na ɗauke da bayanai, tana kuma ba ƙananan na'urori wutar bolt 12. A tsohon tsarin NMEA 0183 na'ura ɗaya ce ke magana a kan layi, sauran su saurara. A nan kuwa kowace na faɗi, kowace na ji, har na'urori 50.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne iska. Abin da ma'aunin saman jirgi ke ji ya gauraya da gudun jirgin kansa. Da zarar allon da ke nuna bayanai ya samu gudun jirgin daga wata na'ura, sai ya fitar da ainihin ƙarfin iskar da inda take fitowa. Ga kuma matsin iska da ake zanawa awa bayan awa. Idan layin ya fara gangarowa da sauri, na san lokacin neman mafaka ya yi tun sama ba ta haɗa hadari ba. AIS ma, wato tsarin da jirage ke sanar da juna inda suke ta rediyo, ya shiga raina. Manyan jirage na fitowa a kan taswira da sunansu da gudunsu da alƙiblarsu, har da ƙiyasin kusancin da za mu yi. A cikin hazo wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne, ko da yake ƙananan jirage da yawa ba su da shi, don haka ido bai huta ba.

Na'urar sona, mai duba ƙarƙashin ruwa da sauti, samfurin da ake kira CHIRP, ta burge ni. Tsofaffin suna aika sauti a kan mitar sauti ɗaya tak, galibi kilohaz 50 ko 200, ita kuwa tana share zango mai mitoci da yawa, shi ya sa take raba kifin da ke dab da ƙasa da ƙasan kanta. Sai dai idan jirgi ya ɗauki gudu kumfa ta shiga ƙarƙashin bakinta, hoton kan yanke. Wurin da aka ɗaura ta na da muhimmanci ƙwarai.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne maganar da ake yawan yi cewa komai na magana da komai. Ba haka ba ne. Gudun wayar kilobit 250 ne a daƙiƙa, ya isa lambar zurfi da zafin ruwa da bayanan inji, amma ba ya ɗaukar hoton sona ko na rada (na'urar hango abubuwa daga nesa). Waɗannan sai ta Ethernet, wato wayar haɗa kwamfutoci, kuma a can kusan kowane kamfani ya rufe ƙofarsa. Kana iya gauraya ƙananan ma'aunai na kamfanoni daban-daban, amma rada da allo sai ka sa su zama 'yan gida ɗaya. Ya kamata masu sayarwa su riƙa faɗin wannan tun farko.

Sai batun waya. Dole a toshe kowane ƙarshen babbar wayar da marufi mai om 120 (om ma'aunin turjiyar lantarki ne). Idan ka kashe wuta ka auna tsakanin wayoyin bayanai biyu da ke cikin babbar wayar, om 60 ya kamata ka gani. Reshe kada ya wuce mita 6. Danshin gishiri ya taɓa shiga mahaɗa ɗaya a jirgina, na'urori suka riƙa ɓacewa daga allo suna dawowa, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin na gano ta.

Mai na'urori uku ko fiye, ina ba shi shawara ya haɗa, amma ya fara zaɓar allo da rada tare, ya kuma ajiye kamfas da taswirar takarda kusa, tunda batir ɗaya ne ke riƙe da komai.