Bitamin C ko bitamin E: wanne zai narke a haɗinki?

'Yar'uwa, kin ce kin zuba garin bitamin C a man kaɗanya da man kwakwa don haɗa man shafawa, kin yi ta juyawa amma ya kwanta a gindin kwalba kamar yashi, kina tambaya ko ki koma bitamin E. Garinki ba jabu ba ne, mai ne ba gidansa ba.

Wannan garin, wato askobik asid, da ruwa yake shiri. Kusan giram 33 na narkewa a mililita 100 na ruwa, amma a mai ko kin ɗora a wuta ba zai narke ba, sai dai zafin ya kashe amfaninsa. Ana sa shi a ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma sai ya yi tsami sosai, wato lambar ma'aunin tsami (pH) ta sauka ƙasa da 3.5, yake ratsa fata, shi ya sa wasu ke jin raɗaɗi. Inda yake ba mu wahala a Katsina shi ne zafi. A Afrilu da Mayu rana kan kai digiri 40, wuta kuma ba ta zama balle firji ya yi sanyi. Sai ki ga ruwan ya koma rawaya, daga nan ya yi ja-ja, to ya tashi daga aiki. Kada ki haɗa shi da ruwan rijiya ko na burtsatse, ƙarfen da ke ciki yana hanzarta lalacewarsa. Ki nemi ruwan da aka tace da tururi, kwalba mai duhu, da maganin da ake sa wa haɗin don hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikinsa.

Bitamin E kuwa shi kansa mai ne mai kauri. Yana bin man kaɗanya, man riɗi da na zaitun salin-alin, kashi 1 cikin ɗari ya wadatar. Yana jinkirta warin da mai ke yi in ya daɗe, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Ina jin takaici in ga ana sa shi a haɗin ruwa da sunan kariya.

Ana iya haɗa su biyun. Binciken da aka yi a Jami'ar Duke ta Amurka a 2005 ya haɗa C kashi 15, E kashi 1, da ferulik asid (wani sinadari da ake samu a tsirrai) rabin kashi 1, kariyar fata daga rana ta ninka wadda C da E kaɗai ke bayarwa. Sai dai dole a sa sinadarin da ke ɗaure ruwa da mai, irin su folisobet, shi kuma ferulik a fara narkar da shi a gilaikol (wani sinadari mai ruwa-ruwa da ake narkar da abubuwa a ciki) domin ruwa kaɗai ba ya ɗaukarsa.

In sayarwa za ki yi, ni dai na fi natsuwa da haɗin mai da bitamin E. Na C ki riƙa yin kaɗan wanda zai ƙare cikin sati ɗaya ko biyu. Wanda kika riga kika haɗa kuma, kada ki goga shi a fuska, tsakuwar garin za ta karce miki fata.