Daga Landan: Firgitar Auta da yadda ake kula da irinta a nan

Yaya, assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya aikin kaka? Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hatsarin nan na dawowa daga kasuwar Gujungu, Ya ba Auta lafiya.

Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe. Ka ce ba karaya ba targaɗe, amma yau kusan mako biyu yaron nan ba ya barci. Da ya runtsa sai ya zabura yana salati, ƙarar babur ta sa shi toshe kunne, bakin titi ma ya ƙi zuwa, wani lokaci a yi masa magana ya yi ta kallon mutum kamar ba ya wurin. Wasu na cewa iska ce, wasu na cewa rashin dangana. Yaya, wannan ciwo ne da likitoci suka sani sarai. Matsananciyar firgita ce da ke kama wanda ya ga mutuwa ido da ido, ana lissafa ta daga kwana 3 zuwa wata guda. Jiki ne ya shiga halin gudun ceton rai, hatsari ya wuce shi kuma ya kasa saukowa. Mutane da yawa kan samu sauƙi da kansu cikin makonni. Wanda nasa ya zarce wata, to ya koma doguwar firgita, wadda sai an tashi tsaye a kanta.

Na ga yadda ake yi a nan a kan wani abokin aikina da mota ta kife da shi. Likitan unguwa ya tambaye shi barci, mafarki, cin abinci, da ko yana tunanin cutar da kansa. Ko ƙwaya ɗaya bai rubuta masa ba. Ya sa masa ranar dawowa, ya kuma tura shi wurin masu magani da magana. Zama ake yi mako-mako, galibi 8 zuwa 12, a bi abin da ya faru daki-daki, a kwance tunanin “laifina ne”, a koma da mutum ga abin da yake gudu sannu a hankali. Farko fitila kunne yake kwana, daga baya na ga ya dawo aiki da tuƙinsa. A asibiti ba a karɓar ko sisi, sai dai kada ka ɗauka kyauta ce zalla: yawancin masu bizar aiki fam 1,035 suke biya duk shekara kuɗin lafiya. Ga kuma layi, mutum kan yi makonni, har watanni, yana jira.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne tsaron magani. Farasitamol ma ƙwaya 16 ce a kwali a kanti, dayazifam kuwa, maganin nan na sa barci da kwantar da hankali, ba mai ba ka sai da takardar likita. A gida yaro ka aika kemis ya sayo. Don Allah, Yaya, kada a saya wa Auta maganin barci, balle taramol. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba mai sabuwar firgita dangin dayazifam. Ba ya warkar da ita, ga saurin kama jiki.

Amma akwai abin da duk kuɗinsu bai saya musu ba: jama'a. Abokin nan nawa shi kaɗai yake kwana shi kaɗai yake tashi, maƙwabcinsa bai ma san ya yi hatsari ba. Auta kuwa yana da Inna, yana da kai, yana da sahun masallaci, kuma likitocin nan da kansu suna cewa samun mutane a kusa na daga manyan abubuwan da ke sa a warke. Gyara ɗaya nake roƙo. Masu zuwa jaje su daina sa shi maimaita labarin, wa ya mutu a kusa da shi, me ya gani. In ya so magana a saurare shi, in ya yi shiru a ƙyale shi. A hana yara nuna masa hotunan motar a waya. Wani ya riƙa kwana a ɗakinsa, ya ci abinci cikin mutane, ku riƙa fita gona tare. Titi kuma kada a tilasta shi, ka raka shi yau ƙofar gida, gobe bakin kwalta. Addu'a da tofi a ci gaba, ba sa hana zuwa asibiti.

Nakan tuna Majiya, watan Oktoban 2024, da tankar mai ta ci fiye da mutum 150. An ƙirga gawa, an ƙirga masu ƙuna, waɗanda suka tsira ba tabo kuma suka koma gida da abin da idonsu ya gani. Irinsu nake ji wa tsoro, shi ya sa na matsa a kan Auta.

Ka riƙe ranar hatsarin. In wata ya cika bai sauya ba, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ko Dawanau, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Idan kuwa ya fara zancen gara ya mutu, ko ya daina ci, ko ciwon kai da amai suka taso, kada a jira wata, a tafi ranar. Kuɗin mota na turo ta asusunka. Ranar Juma'a bayan masallaci zan kira, ka ba shi wayar mu gaisa. A gaida Inna da yara.

Ƙaninka.