Wace manhaja ta dace da tsara mujallar ɗalibai?

Kwamitin mujalla a makaranta yakan kashe makonni yana bin malamai su kawo muƙala, yana bin 'yan ajin ƙarshe su kawo hoto da kuɗin gudummawa, amma ba a cika zama a kan manhajar da za a tsara shafukan da ita ba. Abin da aka saba shi ne a nemo ɗalibin da ya fi kowa iya haɗa fastar zaɓe ko katin biki, a ce masa bismillah. Shi kuma sai ya buɗe abin da hannunsa ya saba da shi, Photoshop ko Canva, ya kama shafi na ɗaya. Matsalar ba ta bayyana sai an kai shafi na talatin, ranar da shugaban sashe ya aiko da ƙarin sakin layi biyu a jawabinsa, aka ga dole duk abin da ke bayan jawabin ya matsa gaba.

Kafin ku sauke komai a kwamfuta, ku je maɗaba'ar da za ta buga muku. Ku tambayi mai ita wane irin fayil yake karɓa, da wace na'ura zai buga, kuma idan an ga kuskure a ranar bugu, wa zai gyara. Amsarsa za ta rage muku rabin zaɓin. Wasu maɗaba'un PDF kawai suke so. Da yawa kuma, musamman ƙananan shagunan bugu a garuruwanmu, za su ce a kawo aikin a CorelDRAW, don shi yaran shagon suka iya.

Mu fara da Photoshop, tunda shi ake yawan ruɗuwa da shi. Adobe ta fitar da shi a 1990, kuma a gyaran hoto har yau da wuya a samu wanda ya fi shi: haskaka fuskar da ta yi duhu, cire bayan hoto, daidaita launin hotunan da aka ɗauka da wayoyi daban-daban, haɗa bango mai ɗaukar ido. Amma ba don dogon rubutu aka yi shi ba. Kowane shafi zaman kansa yake yi, rubutu ba ya gangarowa daga shafi zuwa shafi, lambar shafi da hannu za a riƙa sa ta. Tsara mujalla mai shafi 48 a cikinsa kamar kwashe yashin tifa da cokali ne. Akwai kuma lahanin da sai a takarda ake ganinsa. Idan aka adana shafin a matsayin JPEG, haruffa sun zama hoto ke nan, gefensu ya yi dishi-dishi, kuma baƙin rubutun yakan rarrabu zuwa tawada huɗu maimakon baƙa zalla. Kowace tawada da farantinta na bugu, idan ɗaya ya ɗan goce a na'ura, sai ka ga ƙananan haruffa da inuwar ja ko shuɗi. GIMP, wanda kyauta ne kuma sigarsa ta 3.0 ta fito a Maris 2025, hukuncinsa ɗaya da Photoshop a nan: a gyara hoto da shi, a kai hoton wani wuri a jera. Haka ma Photopea da ke aiki a burauza yana buɗe fayilolin Photoshop, wato PSD.

Manhajar da aka gina musamman don mujalla da littafi ita ce InDesign, wadda ta fito a 1999. Abubuwa uku ne suka sa gidajen jarida suka riƙe ta. Akwai uwar shafi, inda za ka sa sunan mujalla da lambar shafi sau ɗaya su bayyana ko'ina. Akwai akwatunan rubutu masu haɗe da juna, ta yadda ƙarin sakin layin shugaban sashe zai tura sauran rubutun gaba da kansa. Sai salon sakin layi: ka canza girman kanun labari wuri ɗaya, duk kanun mujallar su canza. Ba ta haɗiye hotuna a cikin fayil, tana nuni ne zuwa inda suke, don haka aikin ba ya yin nauyi. Cikas ɗinta kuɗi ne. Tun 2013 Adobe ta daina sayar da sabbin sigogin InDesign sau ɗaya, sai biyan wata-wata ko shekara-shekara, da kati mai iya biya a waje. Akwai rangwamen ɗalibai mai tsoka a shekarar farko, daga nan farashi ya tashi. A kula da tsarin shekara da ake biya wata-wata, domin wanda ya fasa a tsakiya ana cajinsa rabin abin da ya rage. Ranar da biya ya tsaya kuma, manhajar ta rufe, kwamitin baɗi ya tarar da fayil ɗin da ba zai iya buɗewa ba. Idan sashen koyon aikin jarida na makarantarku yana da ita a ɗakin kwamfuta, ku yi amfani da ita ba tare da wani dogon tunani ba. Idan daga aljihun ƙungiya za a biya don mujallar da ke fita sau ɗaya a shekara, ban ga hikimar ba.

CorelDRAW, na kamfanin Corel da ke Ottawa a Kanada, ya girmi InDesign da shekara goma, kuma shi ne sarkin shagunan bugu a Najeriya. Asalinsa na zane ne, irin su tambari da fasta da kalanda, amma yana ɗaukar shafuka da yawa, yana haɗa akwatunan rubutu, yana sa lambar shafi. Babbar fa'idarsa ita ce mai bugu zai iya buɗe aikinku a gabanku ya gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, ya juya launi, ya jera shafuka yadda farantinsa yake so. Har yanzu ana iya sayensa sau ɗaya ya zama naka, kuma ana ba da kwana 15 na gwaji. Inda yake gajiya shi ne wajen nauyi. Ya saba haɗiye hotuna cikin fayil, to mujallar yaye ɗalibai mai hoton mutum ɗari uku takan sa kwamfuta mai ƙaramin RAM ta riƙa daskarewa. Dabarar ita ce a raba aikin fayil-fayil, misali shafi takwas-takwas, a kuma riƙa adanawa akai-akai saboda ɗaukewar wuta. Tsohuwar siga ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa, shagunan da yawa kuwa suna nan a kan X7 ko ma X3, don haka ku tambayi tasu ku adana daidai da ita. Kafin a kai bugu a mayar da rubutu zane da Ctrl+Q don kada haruffa su canza a kwamfutar shago, amma a ajiye kwafin da ba a mayar ba, domin wanda aka mayar ba ya gyaruwa.

Na san abin da wasu za su ce: ai a kasuwa ana sa wa mutum duk waɗannan a kwamfuta da kuɗi kaɗan. Waɗannan kwafin sata ne, kuma ta hanyarsu ƙwayoyin cutar kwamfuta suke yawan shiga. Kwamfutar da ke ɗauke da hotuna da sunayen 'yan aji guda ba wurin wannan kasadar ba ce, balle yanzu da na kyauta suka yi ƙarfi.

An ce araha ba ta ado, amma Affinity ta ɗan ƙaryata maganar. Kamfanin Serif na Nottingham a Ingila ne ya yi ta, Canva ta saye shi a 2024, sannan a ƙarshen Oktoban 2025 aka haɗe manhajojinta uku, ta hoto da ta zane da ta jera shafi, suka zama ɗaya kuma kyauta. Abin da ake bukata shi ne asusun Canva. Tana da uwar shafi da haɗaɗɗun akwatuna da salon sakin layi, tana aiki da launin bugu, tana fitar da PDF irin wanda maɗaba'a ke so, kuma za ka gyara hoto a cikin shafin ba tare da ka fita zuwa wata manhaja ba. Ga kwamitin da ke da kwamfuta mai ɗan ƙarfi da mai bugun da ya yarda da PDF, ita zan fara nunawa. Sai dai ta daɗe da rauni wajen rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Mujallar ƙungiyar ɗalibai Musulmi ko ta sashen Larabci, mai ayoyi da hadisai a kusan kowane shafi, ta fara gwada layi ɗaya tukuna. InDesign da CorelDRAW suna iya Larabci idan an saita su, haka ma Scribus.

Scribus kyauta ce tun asali, ba asusu, ba rajista, ba bukatar intanet bayan an sauke, kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta, ko Windows ko Linux. Fuskarta ba ta da kyan gani, wanda ya saba da Corel zai yi kwanaki yana lalube, kuma tebur yana ba ta wahala. Amma PDF ɗin da take fitarwa mai tsabta ne, kuma babu ranar da wani kamfani zai ce ku biya kafin ku buɗe aikinku. Ga kulob ɗin jarida na sakandare da ke son mujalla duk zango, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ku dai sani da wuya ku samu shagon da ke da ita, don haka duk gyara a hannunku yake.

Canva kuwa, idan mujallar ba za a buga ta ba, za a raba ta ne a WhatsApp a matsayin PDF, kuma ba ta wuce shafi goma sha biyu ba, ta wadatar. Mutum biyar za su iya aiki a kai lokaci guda, har da waya. Amma tana cin data, dogon rubutu da hannu ake yanka shi a raba wa shafuka, kuma fitar da fayil da launin bugu sai mai biyan kuɗi. Microsoft Publisher da wasu makarantu suka saba da ita, kamfanin ya sa Oktoban 2026 a matsayin lokacin daina ta, kada a fara sabon aiki da ita.

Ko wacce kuka ɗauka, akwai ƙa'idojin da ba su canzawa. Mujallar da za a ɗinke a tsakiya da sitefula dole yawan shafinta ya rabu da huɗu, domin kowace takardar A3 da aka ninke shafi huɗu ce na A4. Idan kun tashi da 50, ko ku rage zuwa 48 ko ku cike zuwa 52, kuma gara a san haka tun farko. Duk hoto ko launin da zai kai bakin takarda a bar masa rarar milimita 3 ta kowane gefe, saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, na'urar bugu kuma da tawada huɗu da ake kira CMYK, shi ya sa shuɗi da kore masu ƙyalli suke dusashewa a takarda. A saita aikin a CMYK tun shafin farko, rubutun ciki kuma a sa shi baƙi zalla. A kai wa mai bugu shafuka ɗai-ɗai a jere, shi ya san yadda zai haɗa na farko da na ƙarshe.

Hoto shi ne inda mujallun ɗalibai suka fi faɗuwa, kuma babu manhajar da ke ceto a nan. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Cikakken shafin A4, mai milimita 210 da 297, yana bukatar hoto mai fiksel 2480 da 3508. Hoton da tsawonsa fiksel 1600 ne iyakarsa kamar santimita 13 da rabi, ya isa hoton fasfo a shafin 'yan aji, bai isa bango ba. WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, don haka a ce wa kowa ya turo nasa a matsayin fayil. Mafi kyau ma a ware rana ɗaya, a tsayar da kowa a jikin bango ɗaya cikin haske ɗaya, a ɗauke su da kyamara ɗaya. Wannan zai rage wa mai gyaran hoto aiki fiye da duk wata dabarar Photoshop.

Idan akwai shafukan Hausa, ku gwada ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, a duk samfurin harafin da kuka zaɓa. Yawancin haruffan ado da ake so a kanun labari ba su da su, sai manhaja ta aro daga wani samfurin su fito a karkace, ko ta bar akwati fanko. Charis SIL da Gentium da Andika da dangin Noto duk suna da su, kuma kyauta ne. Samfuri biyu sun ishi mujalla, ɗaya na kanu, ɗaya na rubutu.

Sai maganar gado. Kwamiti yana canzawa duk shekara, kuma mai tsarawar bana yana tafiya da kwamfutarsa hidimar ƙasa. InDesign da CorelDRAW da Scribus da Affinity duk suna da hanyar tattara fayil da hotuna da haruffa a jaka ɗaya. A yi wannan, a ba malamin da ke kula da ƙungiya kwafi, a kuma zaɓi manhajar da na baya za su iya samu.

Kafin ku yanke hukunci, ku tsara shafi huɗu na gwaji a manhajar da kuka fi karkata gare ta: bango, shafi mai dogon rubutu da ke gangarawa zuwa na gaba, da shafin hotunan 'yan aji, da layin Hausa ko Larabci a ciki. Ku kai wa mai bugu ya fitar muku a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, mai nauyin giram 80 ce ko mai sheƙi. Idan ya buɗe ba gardama, haruffa suka fito da kaifi, fuskoki ba su yi duhu ba, ku ci gaba da sauran shafukan a cikinta.