Mitar kati ta kan falwaya: yunit na ciki, gida na duhu

Mitar da nake magana a kanta ita ce wadda ake ta kafawa yanzu har a ƙananan garuruwa irin namu: mai layi ɗaya, jikinta na cikin akwati can saman falwaya, kai kuma a ba ka ɗan madanni mai allo ka ajiye a ɗaki. Ma'aikata na ce wa madannin CIU, mutanen unguwa na ce masa rimot. Ranar da aka kawo ta an ce mana mai wayo ce, wai ofis na ganin halin da take ciki daga inda suke zaune. A kan wannan alkawarin rigimata take.

Wajen awo ba ni da ƙorafi, kuma ba kara nake mata ba. An rubuta 1000 imp/kWh, wato ɗan jan fitilar nan zai ƙifta sau 1000 kafin yunit ɗaya ya ƙone. Kashe komai na gidan, ka jona butar lantarki mai wat 1000, ka ƙirga: in wutar ta cika, ƙiftawa 16 zuwa 17 za ka samu a minti ɗaya. In wutar ta yi ƙasa za ka ga bai kai haka ba, don butar ma ba ta jan cikakken ƙarfinta a lokacin. Tamu ta ci wannan jarrabawar. Duk wanda ya sha bil ɗin ƙiyasi, aka kawo masa takardar wata guda alhali taransfoma ta yi rabin watan a lalace, ya san irin sanyin da zuciya ke ji in aka ce abin da ka sha shi za ka biya. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce kowa ya je ya cike fom ɗin neman mita gobe.

Sai ga abin da ya ɓata min rai. Mita ta yanke wuta alhali akwai yunit mai yawa a ciki, layin kuma kowa na da wuta. Allon madannin ya nuna alamar an taɓa mita, abin da ake ce wa tampa. Babu wanda ya hau falwayar, babu wanda ya taɓa hatimi.

Ga yadda abin yake faruwa, don ba tamu kaɗai ba ce. Wayar da ke saukowa daga layi ta alminiyam ce, ramin da ake cusa ta a jikin mita kuma na tagulla ne mai noti biyu. Alminiyam na da laushi, yana kumbura in ya ji zafi, ya motse in ya huce, a hankali sai ya saki a ƙarƙashin noti. Mai ɗaurin da ke sauri, ana biyansa bisa yawan mitar da ya kafa a rana, sai ya matse noti ɗaya ya bar ɗayan. Lodi na hawa, wurin ya fara ɗumi, ɗumi ya ƙara sassauta shi, sassauci ya ƙara kawo zafi. A haɗa da ranar Afrilu tana dukan akwatin roba tun hantsi har la'asar. Murfin da ke rufe notukan sai ya ɗan lanƙwashe, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani ɗan makunni da murfin ke danne da shi. Yana ɗagawa ko da kaurin farce ne, mita ta ɗauka ɓarawo ne ya buɗe ta, ta buɗe makunninta na ciki, ta kulle. Ita ta yi daidai, haka aka ƙera ta. Maganin tun farko mai arha ne: a haɗa alminiyam ɗin da guntuwar wayar jan ƙarfe mai girman 16mm² ta hanyar mahaɗin da aka yi don ƙarafa biyu, jan ƙarfen ya shiga mita, a matse notukan biyu, a sake bin su kafin a buga hatimi. Aikin da bai fi minti goma ba.

In ta kulle haka, kada ka ɓata kuɗinka wajen sayen sabon kati. Ko ta karɓa, yunit ne zai ƙaru kawai, wuta ba za ta dawo ba. Abin da ke buɗe ta wata lamba ce daban mai ƙwaya 20, ta share tampa, wadda ake fitar wa wannan mitar ita kaɗai, kuma kamfani ne kawai ke iya fitar da ita. Masu POS da manhajar banki ba su da ita.

To nan ne na gane ofishin ƙaramin gari bai shirya wa wannan mita ba ko kaɗan. Su ba su da ikon fitar da lambar. Sai a rubuta koke, a jira ma'aikaci ya zo ya hau ya duba ko sata ce, ya ɗauki hoto, a tura babban ofis da ke birni, can a amince, sannan lamba ta dawo ta waya. Tsani ɗaya ne, masu hawa kaɗan ne, garuruwan da ke ƙarƙashinsu kuwa da yawa. Kwanaki suka yi ta tafiya, abin firji ya lalace, ruwa sai an saya a wajen 'yan garuwa tunda famfon rijiya ya tsaya. Abin da ya fi ƙona rai shi ne kallon da ake maka tun daga bakin ƙofa, kallon wanda ya yi satar wuta aka kama shi. Mutum ya biya kuɗin mita da kansa, ya biya wuta tun kafin ya sha, sannan a ce shi zai wanke kansa daga laifin notin da ba shi ya ɗaura ba.

Ina wayon da aka yi mana alkawari? Mitar na ajiye tarihin abin da ya same ta, da rana da lokaci: buɗe murfi, faɗuwar wuta, wuce iyakar lodi. Domin ofis ya ga wannan, dole ɗayan biyu: ko a saka mata sim a gurbin da aka tanada a jikinta, ko a kafa na'urar tattara bayanai a gindin taransfoma wadda za ta riƙa jin mitocin layin tana aikawa. Sannan a can ofis a samu kwamfuta da manhajar karɓa, da wanda zai zauna yana dubawa, da kuɗin data duk wata. A layinmu gurbin sim ɗin fanko ne, gindin taransfoma babu komai. An sayi doki an bar linzami a kasuwa. Da haɗin na aiki, da sun ga kullewar kafin a kai musu koke, su aiko da lambar ta iska bayan an gyara notin.

Shi ma madannin yana da nasa halin, kuma ba wanda ya yi wa mutane bayani. Ta cikin wayar wutar gidan yake magana da mita, ba ta iska ba. Saboda haka sai an jona shi kai tsaye a soket ɗin bango, ba a kan abin ƙarin soket mai kariya ba, don wannan na tace saƙon. In gidan na kan janareta ko inbata, canji-oba ya raba ka da layin kamfani, to babu hanyar da saƙo zai bi. Sai ka mayar da shi ɓangaren NEPA tukuna. In yunit ya ƙare ƙaf, sai da batir masu rai a cikinsa, a kashe kayan wuta, kuma dole akwai wuta a kan falwaya a wannan lokacin. A garin da ke rukunin D ko E, inda alkawarin ma awa 8 ne ko 4 a rana, ma'anar wannan ita ce kana riƙe da kati a hannu kana gadin fitilar maƙwabta, ta kawo ka ruga ka danna ƙwaya 20 kafin a ɗauke. Cajar waya marar kyau da wasu ƙananan ƙwayayen fitila ma na cika layin da hayaniya har madanni ya kasa jin mita. Cire su, ka sake gwadawa, sau da yawa shi ke nan.

Duk da haka ba zan ce a mayar da mu ƙiyasi ba, Allah ya kiyaye. Tun da mitar ta zo, kowa a gidan ya san fanka mai wat 70 ba ta cin yunit ɗaya a awa goma, dutsen guga kuwa awa ɗaya ya ishe shi ya cinye. Ɗora ta a falwaya ma dabara ce mai kyau, ta rage masu zagaye mita da waya, waɗanda nauyinsu kan sauran jama'a yake faɗawa. Masu gidajen haya dai su kula da abu ɗaya: irin waɗannan mitoci da yawa na auna layin wuta da na nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) duka, su ɗauki wanda ya fi yawa. In ɗakuna biyu masu mita daban suna tarayya a nutural ɗaya, za ka ga yunit ɗin wani na gudu yana biya wa maƙwabcinsa. Laifin wayarin ne, a raba nutural ɗin.

Amma da na tuna Nuwamban 2024 sai raina ya sake ɓaci. Agogon da ke cikin lambobin kati na tsarin STS, wato tsarin da mitocin kati ke aiki da shi, ya fara ƙirga mintoci tun 1 ga Janairun 1993, ya kuma cika a 24 ga Nuwamban 2024, shi ya sa aka ce kowace tsohuwar mita sai ta karɓi lambobin canjin makulli guda biyu, kowace mai ƙwaya 20. An san da zuwan ranar shekaru kafin ta zo. Mitar da ke haɗe da ofis ana iya aika mata wannan daga nesa. A nan sai da tsofaffi da matan aure suka riƙa neman yaron da zai danna musu ƙwaya 40 a jere, wanda kuma ke da tsohon katin da bai loda ba kafin canjin, mita ta ƙi karɓarsa. Ga kuma tsohon bashin ƙiyasi da ake yanka daga kowane kati, ban da harajin kashi 7.5 cikin ɗari, ba tare da rasit ya nuna maka saura nawa ba.

Wanda za a kafa wa, ya tsaya a gindin falwayar ranar aikin da mai gyaran wutarsa. Ya ga an saka jan ƙarfe, ya ga an matse notuka biyu-biyu, ya ɗauki hoton hatimi da lambar mita da ranar. Ya tambayi ko an saka sim, ya kuma karɓi lambar wayar wanda ke fitar da lambar share tampa, ba ta mai karɓar koke ba. In ta kulle, a rubuta koke a takarda a karɓi shaidar an shigar, domin in aka ja ka, da wannan takardar za ka je ofishin sauraron koke na hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki. Ita mitar zan ba ta huɗu cikin biyar. Yadda aka kafa ta da yadda ake kula da ita a garinmu, ɗaya ma da ƙyar.