Rairayin aragonait mai laushi: kyan ido ne, amma ya ci mini murjani

Wata bakwai ke nan da na zuba wannan rairayin aragonait (ma'adinin da ƙashin murjani yake da shi) a tankina na ruwan gishiri mai cin lita 200, inda nake kiwon kifi da murjani mai rai, kuma da farko har tallarsa na riƙa yi wa mutane kyauta. Irin wanda ke zuwa a jiƙe cikin leda ne, wai mai rai, wato da bakteriya a jikinsa, ƙwayarsa kuma ba ta kai milimita 1 ba. An rubuta kada a wanke, ni ma ban wanke ba. Kwana uku ruwan yana fari fat kamar an dama alli, ko dutsen da ke ciki ba na iya hangowa. Da ya kwanta kuwa, sai wanda ya gani. Wajen tada tanki, wato jiran bakteriya su kafu su riƙa cinye gubar ruwa, ma bai ba ni kunya ba: gubar ammoniya ta hau ta sauka, gubar nitrait ta bi sahunta, cikin mako huɗu duk sun koma sifiri.

A wata na huɗu rigimar ta soma. Na samo 'yan rassan murjanin Acropora, su kuwa ba sa zama sai da ruwa mai kaɗawa sosai, don haka na ƙara injin tura ruwa na biyu. Da dare na kunna shi, na tsaya kamar minti goma, na ga ƙura kaɗan na tashi, na ce za ta lafa, na je na kwanta. Da asuba na kunna fitila sai gabana ya faɗi. Gefen hagu gilashin ƙasa ne tsirara, rairayin duk ya taru a kusurwar dama ya yi tudu kusan santimita 8. Ruwa ya yashe ƙarƙashin babban dutsen, dutsen ya zame ya jingina kan murjanin Euphyllia ɗina, wanda na raina tun yana kai biyu har ya kai biyar. Sauran kawunan da dutse bai danne ba duk rairayi ya cika musu baki. Na sa hannu har kafaɗa na ɗaga dutsen, na yi ta fesa musu ruwa da sirinji a hankali, rairayin na fita yana komawa. Bayan kwana huɗu naman kai biyu ya saɓule, ya zama wani yauƙi mai ruwan ƙasa, dole na karye su na yar don kada cutar ta kama sauran. Har yau in na dubi gurbin sai raina ya ɓaci.

Da na huce na yarda akwai laifina. Dutse kan gilashi ake fara ɗora shi, sannan a zuba rairayi kewaye da shi; ni kuwa a kan rairayin na aza. Har na ce to, kayan ba su da aibi, ni ne ban iya ba. Ga shi kuma kifina wrasse kullum da magariba yana nutsewa ciki ya kwana, abin da tsakuwar murjani mai kaushi ba za ta bar shi ya yi ba sai da ƙujewa.

Sai dai da na sake karanta ledar, haushin ya dawo sabo. An cika baki cewa yana riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa. Aragonait ba ya wani narkewa a pH 8.1 ko 8.2 da muke ajiye tanki a kai, sai ruwa ya yi tsami ƙasa da haka sosai, lokacin da murjanin ma ya riga ya jigata. Ni da na saki jiki, alkalinitina, wato ƙarfin ruwan na hana pH faɗuwa, ya zame daga 8.5 zuwa 6.5 a ma'aunin dKH, kalsiyam, da murjani ke gina ƙashinsa da shi, daga 430 zuwa 380, ban ankara ba sai da bakin rassan Acropora ya fara koɗewa. Yanzu kullum sai na ɗiga sinadari, in gwada sau biyu a mako.

Tudun nan kuma na bar shi makonni saboda tsoron sake tada ƙura. Ranar da na taɓa shi, baƙi ƙirin na tarar a ƙasa, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar iska ta daina ratsa wurin. Na zuƙe shi a gaggauce na canza ruwa lita 40. Zuƙar ma wahala ce, don tiyo ba ya rabe datti da rairayi, tare yake kwashe su. Ga wata ƙwaya ɗaya da ta maƙale a maganaɗisun goge gilashi, ta ja mini zane dogo a gaba, daidai inda ido ke fara sauka.

Mai murjani masu laushi da ruwa mai tafiya a hankali zai iya jin daɗinsa, in kaurin rairayin ya tsaya a santimita 2 zuwa 3. Ni dai duk canjin ruwa kofi biyu nake kwashewa, ina maye gurbinsa da mai ƙwayar milimita 1 zuwa 2. Kusurwa ɗaya kawai zan bar wa wrasse ɗin.